Rigar Edwards ko ta LaMelo: ga wadda za ka saya

Ƙanina, ta Edwards za ka saya. Tunda ka ce kuɗin riga ɗaya ne a hannunka, kuma tsakanin 'yan wasan ƙwallon kwandon nan, Anthony Edwards na Minnesota da LaMelo Ball na Charlotte, ne ka kasa zaɓa, to kada musun da 'yan gurup ɗin nan suka kwana suna yi ya ruɗe ka.

Ina da tasa, mai lamba 5, shuɗiya ta Minnesota. Na saye ta ne bayan wasan nan na bakwai, na raba gardama, da Denver a watan Mayun 2024. Wanda ya san wahalar kallon NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a Gombe ya san me nake nufi: wasannin cikin dare suke zuwa mana, wani ma sai wajen ƙarfe biyu ko uku, ga wuta ba tabbas, ga data na tafiya. A ɗakin wani abokinmu a Tudun Wada muka taru, waya ɗaya an jingina ta da kofin shayi. Denver, masu riƙe da kofi a lokacin, suka ba da ratar maki 20 a farkon zubi na uku. Wasu daga cikinmu har sun fara laluben takalma. Abin da ya sa na ƙaunaci yaron nan shi ne a daren hannunsa bai ci ba sam, jifa yake yi tana ƙin shiga, amma bai saki jiki ba. Ya koma ya manne wa Jamal Murray na Denver, yana rarraba ƙwallo, yana zuga 'yan uwansa, har suka juya wasan a gidan Denver. Ihun da muka yi sai da mai gidan ya leƙo da tocila. Rabon Minnesota da wasan ƙarshe na yankin Yamma tun 2004, zamanin Kevin Garnett. Duk ranar da na sa rigar na fita filin unguwa da yamma, sai yara sun biyo ni suna "Ant-Man, Ant-Man", ko da kuwa gwiwata ba ta barin in yi tsalle yanzu.

Masu cewa sa'a ce, su duba shekarar da ta biyo. An yi musayar abokin wasansa Karl-Anthony Towns zuwa New York dab da fara kaka, kowa ya ce shi ke nan sun rushe. Sai ga su sun fitar da Lakers ta LeBron da Luka, sun fitar da Golden State, sun sake kaiwa wasan ƙarshe na Yamma a 2025 kafin Oklahoma ta tsayar da su. A kakar ce Edwards ya fi kowa a gasar jefa ƙwallon maki uku, guda 320, alhali da an san shi ne da kutsawa cikin ƙarti ya danna ƙwallo a kwando. Ga zinaren Olamfik da ya ɗauko da Amurka a Faris a 2024. Amma ni duk ba wannan ne ya fi burge ni ba. Lissafin da nake so ka riƙe shi ne na fitowa fili: wasa 79 cikin 82, kaka uku a jere. Ƙungiya ba ta biyan mutum don ya zauna a benci da kayan gida yana tafi.

LaMelo kuwa, ya iya ƙwallo, ban hana shi ba. Shekara ɗaya aka ɗauke su, 2020, Edwards na ɗaya shi na uku, kuma shi ne ma ya doke Edwards a kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa. Dogo ne, yana ganin fili, yana miƙa ƙwallo ta inda ba ka zata ba. Sai dai idon sawu ya hana shi sakat: a waɗannan kaka ukun wasa 36 ya buga, sai 22, sai 47. Zuwa ƙarshen kakar 2024-25 bai taɓa taka zagayen fitar da gwani ba, Charlotte kuma wasa 19 kacal ta ci a kakar. Akwai rigarsa a gidanmu, ta ɗan yayata ce, kalarta da kyau, iyakar abin da zan ce ke nan.

Na ga wani ya rubuta cewa a ba LaMelo Rudy Gobert, ɗan tsaron da Edwards ya samu a Minnesota, a bayansa a gani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don Edwards ya samu 'yan tsaro da LaMelo bai taɓa samu ba. To amma ko wa aka ba ka, sai kana cikin fili zai amfane ka. Dukansu sun sa hannu a kwantiragin shekara biyar a 2023, kowanne sama da dala miliyan 200. Ka tambayi kanka wace ƙungiya ce ta ci ribar kuɗinta. Yawancin masu yabon LaMelo a nan gajerun bidiyon TikTok suke kallo da safe, ba su taɓa hana idonsu barci sun ga wasa daga farko har ƙarshe ba. Shi ma Edwards ba waliyyi ba ne, bakinsa ba linzami, har dakatar da shi aka yi wasa ɗaya a 2025 saboda yawan cacar baki da alƙalan wasa, kuma idan mutum biyu suka rufe shi yakan zubar da ƙwallo. Wannan gyaruwa yake yi da shekaru.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka: ka yi hattara da masu tallar jesi a WhatsApp da Instagram. Kusan duk abin da ke yawo a kasuwanninmu kwafi ne, kuma ba laifi ba ne ka sa kwafi, nawa ma shi ne. Laifin shi ne a karɓi kuɗin orijina a ba ka jabu. Edwards lamba 1 yake sawa da farko, ya koma 5 tun 2023, don haka wanda ya miƙo maka mai lamba 1 ya ce sabon fitowa ce, tsohon kaya yake son sauke maka. LaMelo shi ma daga 2 ya koma 1. Rigunan Charlotte tambarin Jordan ne a ƙirjinsu, mutumin nan mai tsalle, in ka ga alamar Nike a wurin ka san inda aka dosa. Kada kuma a cika ka da "duba ɗinki, Alhaji", domin masu kwafi sun fi kowa iya lafta zare mai kauri. Juya cikin rigar ka duba, ka karanta sunan harafi-harafi, na taɓa ganin wadda aka rubuta Edwards ba "d" na biyu. Kuma kar ka tura wa kowa kuɗi kan hoto, ko da ya rantse kayan na kan hanya daga Kano. Ka je da ƙafarka, ka gwada, ka taya rabin abin da ya faɗa.

Ɗauki shuɗiya mai duhu, fara ba ta jure ƙurar Gombe, ballantana lokacin hunturu. Ka ƙara girma ɗaya a kan wanda ka saba, don kwafin yakan matse a hammata. In za a wanke a juya ta ciki-waje, kuma ka gargaɗi mai guga kada ya ɗora dutse a kan lambar.