Bawul na saniya, na alade ko na bututu: wanne za a sa wa tsoho?

Idan likita ya ce bawul ɗin zuciyar Baba ko Inna, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, ya tsuke, sai an canza shi, kuma shekaru sun haura 65, galibi bawul na nama zai ba da shawara. Na ƙarfe ya fi ƙarko, amma yana ɗaure mutum da shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rai, da gwajin INR na auna tsinkewar jinin kusan kowane wata. Ga tsohon da ke nesa da asibiti, ga mantuwa ga yawan faɗuwa, wannan babban hatsari ne. Na nama yakan kai shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi daɗewa a jikin tsoho, don kalsiyam ba ya saurin taruwa a kansa kamar a jikin matashi.

Iri biyu aka fi sawa a tiyata. Na alade, ainihin bawul ɗin dabbar ne ake ɗinkewa a jikin zobe, irin su Hancock II, Mosaic da Epic. Na saniya kuwa, tantanin da ya lulluɓe zuciyarta ake yankawa a ɗinka marafai uku, irin su Magna Ease, Inspiris da Avalus. Duka biyun ana jiƙa su a sinadari har ba sauran rai a naman, shi ya sa ba a shan maganin da masu dashen ƙoda ke sha. Lalacewarsu ce ta bambanta: na saniya yakan ƙandare ya tsuke sannu a hankali, haki na ƙaruwa, na alade kuma yakan yage ya fara yoyo, wani lokaci kwatsam. Batun alade na damun iyalai Musulmi da yawa. Malamai da dama sun halatta bisa larura, amma tunda ga na saniya, a faɗa wa likita da wuri, kada a bari sai ranar aiki.

Abin da ya fi dabbar muhimmanci shi ne girman bawul ɗin. A ƙofar babbar jijiya ta ayota, yawanci daga milimita 19 ne zuwa 29. Idan aka sa 19 ko 21 ga mai jiki, ramin ya yi wa jinin da yake bukata kaɗan: an sha wahalar aiki, hakin bai tafi ba, bawul ɗin kuma ya gaji da wuri. Haka nan idan ya lalace nan gaba, zura sabo a cikin tsohon bawul ɗin ta bututu yana wuya a ƙaramin zobe. A tambayi likita kai tsaye: lamba nawa kake sa ran sawa, kuma in gurbin ya yi ƙanƙanta, za ka faɗaɗa shi? A ƙaramin gurbi, na saniya ya fi buɗewa.

Hanya ta uku ita ce TAVI, wadda likita Alain Cribier ya fara a Rouen ta Faransa a 2002. Ba a tsaga ƙirji. Ta jijiyar matsematsi ake tura bawul ɗin a cikin siririn bututu. Ita aka fi zaɓa wa wanda ya kai 75 zuwa 80 ko mai rauni. A cikin bawulolinta, Sapien na saniya ne, balan-balan ke buɗe shi. Evolut daga tantanin alade yake, da kansa yake buɗewa, kuma an fi bukatar batirin daidaita bugun zuciya bayansa. Sai an yi hoton CT an auna gurbi da faɗin jijiyoyi. TAVI ta fi tsada, kuma ba kasafai take dacewa da bawul mai yoyo kawai ba, ko wanda ciwon zuciya mai biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta ya ɓata, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu.

Kada sabon suna ya ruɗe ku. Bawul ɗin Trifecta ya yi tashe, amma a 2023 kamfanin Abbott ya daina sayar da shi bayan an ga yana lalacewa da wuri. Dangin Perimount, inda Magna Ease ya fito, ana sa su tun shekarun 1980.

Kafin aiki a duba haƙora, domin ruɓaɓɓen haƙori na tura ƙwayar cuta zuwa sabon bawul. Bayan aiki wasu kan sha wafarin na wata uku. Ko a Indiya ko Masar aka yi, kada a baro asibiti ba tare da katin da ke ɗauke da sunan bawul, lambarsa da hoton zuciya na eko na farko ba. Zazzaɓin da ya ƙi sauka kuma, a ɗebi jini a yi gwajin ƙwayar cuta kafin a fara shan maganin kashe ta.