Sharhi: Abin da Na Gani a Cinikin Kayan Kiɗa na Hannu ta Intanet

Kusan duk kayan da ke cikin ɗan ɗakin da nake naɗar sauti sun bi ta hannun wani kafin su iso gare ni, kuma yawancin waɗanda suka sayar mini da su ban taɓa ganin fuskarsu ba. A cikin shekaru huɗu na sayi makirufo biyu, da fiyano na lantarki, da jita, da na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta wadda 'yan situdiyo ke kira sawun-kad, sannan na sayar da amfilifaya ɗaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da wasu ƙananan tarkace da suka daina yi mini amfani. Galibin cinikin a Reverb na yi shi, kaɗan a eBay, saura kuma a zaurukan sada zumunta inda mai saye da mai sayarwa ke daidaitawa kai tsaye ba tare da mai shiga tsakani ba. Na ci riba a wurare da dama, na kuma tafka asara sau ɗaya, kuma wannan asarar ce ta sauya yadda nake kowane ciniki tun daga ranar.

Reverb kasuwa ce da aka gina domin kayan kiɗa kaɗai. David Kalt ne ya kafa ta a birnin Chicago na Amurka a 2013, kamfanin Etsy kuma ya saye ta a 2019 a kan dala miliyan 275. Abin da ya fi yi mini amfani a cikinta shi ne jadawalin farashi da ke nuna nawa aka sayar da kaya iri ɗaya a baya. Wanda bai saba ba yakan duba farashin da masu kaya suka liƙa ya ɗauka shi ne darajar abu, alhali kuwa kowa na iya yi wa kayansa kuɗi yadda ya ga dama, kuma akwai jitar da za ta shekara a rataye ba wanda ya taya. Farashin da aka sallama shi ne ma'auni. A eBay ma akwai wurin da mutum zai tace bincikensa ya ga kayan da aka riga aka sayar kaɗai, kuma ba na taya komai sai na leƙa can. Haka nan Reverb na tilasta wa mai sayarwa ya zaɓi matakin lafiyar kayansa, tun daga wanda bai da ko ƙwarzane har zuwa wanda ba ya aiki, kuma wannan matakin shi ne hujjar mai saye idan abin da ya iso ya saɓa wa abin da aka faɗa.

Asarar da na ambata a kan makirufo ce, Shure SM58, wanda ya fito tun 1966 kuma har yau da wuya a ga dandalin waƙa babu shi. Farin jininsa ne ya sa jabunsa suka cika duniya. Na gan shi a wani zaure a kan kuɗin da bai kai rabin farashin sabo ba, hotunan sun yi kyau, har da kwalinsa da jakarsa, mai shi kuma ya ce gaggawa ce ta sa zai rabu da shi kuma akwai mutum biyu da ke jira. Na tura kuɗi kai tsaye cikin asusunsa. Da makirufon ya iso sai na ji muryata ta fito a tsinke, ga shi ko yatsa na motsa a jikinsa sai ƙarar ta shiga cikin sauti, abin da na asali ya shahara da dannewa. Na aro na wani abokin aiki na jera su: na asali nauyinsa kusan giram 298 ne, nawa kuwa da na ɗora a sikeli bai kai ba, kuma bambancin sautin ko yaro zai ji. Kafin in koma wurin mai kayan ya riga ya goge tallarsa ya toshe ni. Ba ni da wurin kai ƙara, domin ni da kaina na zaɓi hanyar biyan da ba ta da mai shiga tsakani.

Wani abin da na fahimta daga baya shi ne, kyawun da ya ruɗe ni shi ya kamata ya tsorata ni. SM58 na gaske da ya yi aiki yakan zo da lotsewa a ragar kansa da gogewar fenti a mariƙinsa, kuma wannan ba aibi ba ne, domin an yi ragar ne ta shanye bugu idan ya faɗi, kuma ana kwance ta a sa sabuwa cikin minti ɗaya. Na biyu da na saya, wanda nake aiki da shi har yanzu, kansa a lotse ya zo, na sauya ragar na wanke soson ciki, shi ke nan.

Tun daga nan hanyar biyan kuɗi nake fara tambaya kafin lafiyar kaya. A PayPal, dandalin biyan kuɗi ta intanet, akwai turawa irin ta 'yan uwa da abokai, akwai kuma biyan kuɗin kaya; ta farkon ba ta da kariya ga mai saye ko kaɗan, ta biyun kuwa tana ba shi damar shigar da ƙorafi. Tabbacin mayar da kuɗi na eBay yana ba mai saye kwana 30 bayan isowar kaya. Duk mai sayarwar da ya ce a fita daga dandali a ƙarasa ciniki a gefe domin a kauce wa la'ada, yana neman in sayar masa da kariyata ne a kan ɗan rangwame, kuma ban ƙara yarda ba ko da mutumin kirki ne.

Fiyanon na lantarki ne ya koya mini darajar bidiyo. Hoto ba ya nuna madannin da ya mutu. A ƙarƙashin madannan irin waɗannan fiyano akwai jerin roba mai wurin taɓawa biyu ga kowane madanni, kuma daga tazarar lokacin da ke tsakanin taɓawar farko da ta biyu ne na'urar ke gane ko an danna da ƙarfi ko a hankali. Idan ƙura ta shiga ko robar ta gaji, madannin yakan yi shiru, ko kuwa ya riƙa fitar da sauti da iyakar ƙarfinsa komai taushin dannawa. Saboda haka na roƙi mai kayan ya ɗauki bidiyo ba yankewa, ya ajiye takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a kan fiyanon, ya bi madannai 61 ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya a hankali sau ɗaya da ƙarfi, sannan ya murɗa maɓallin ƙarar sauti daga ƙasa zuwa sama in ji ko yana ƙarce-ƙarce. Mutum biyu na fara tambaya suka share ni, na uku ya aiko cikin yini guda, har ya nuna mini da kansa wani madanni da ke ɗan maƙalewa. A wurinsa na saya, duk da cewa kayansa ba su ne mafi arha ba, domin wanda ya nuna aibin da ban tambaya ba da wuya ya ɓoye babba. Takardar kwanan watan kuwa ita ke tabbatar da cewa kayan na hannunsa, ba hoton wani ya ɗauko ba.

Ga mai sha'awar tsofaffin na'urori, irin Yamaha DX7 na 1983, akwai ƙarin tambaya: batirin da ke riƙe sautukan da aka adana a ciki yake, a liƙe da dalma, kuma idan ya ƙare sai an buɗe na'urar an sauya shi. Batun wuta ma ba abin wasa ba ne idan kaya daga wata ƙasa za su zo. Amurka na amfani da bolt 120, Japan 100, yawancin Turai 230, kuma na'urar da aka yi wa ƙaramar wuta idan aka jona ta da babba tana iya ƙonewa nan take. Nakan nemi hoton rubutun da ke bayan na'urar ko jikin adafta. Idan an rubuta 100 zuwa 240, hankalina ya kwanta.

Sawun-kad ɗin, Focusrite Scarlett 2i2, bai ba ni wahala ba, sai dai ya kusa. Jerin Scarlett ya fito a 2011, aka sabunta shi a 2016 da 2019 da 2023, dukkansu jajaye ne masu kama da juna, kuma masu sayarwa da yawa ba sa faɗin wanne ne nasu, wasu don rashin sani, wasu don sani. Hoton bayan na'urar da lambar siriyal suna warware wannan. Na kuma nemi a kunna maɓallin wutar bolt 48 a gwada da makirufo mai buƙatarta, tunda kowace ƙofar jona makirufo tana iya lalacewa ita kaɗai. Abin da ban samu ba shi ne manhajojin kyauta da ke zuwa da sabo, domin mai shi na farko ya riga ya yi rajistarsu da sunansa, kuma wannan ya kamata ya shiga lissafin farashi. Tsofaffin sawun-kad masu jonawa ta FireWire kuwa ina kauce musu komai arharsu, saboda kwamfutocin yanzu ba su da wannan ƙofar.

A jita, wuya shi ne komai. Fenti da ƙwarzane ba sa hana kiɗa, amma wuyan da ya murɗe ko ƙarfen cikinsa da ya daina juyawa gyara ne da kan ci fiye da kuɗin jitar. Na nemi hoto daga kai ana kallon tsawon wuyan, da hoton tazarar tsirkiya daga ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan, da na bayan kai inda tsagewa ta fi faruwa. Mai sayen jita daga ƙetare ya san da CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa: a Janairun 2017 ta sa takunkumi a kan katakon dangin Dalbergia da ake yin allon wuyan jita da shi, a Nuwamban 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa da aka gama ƙerawa, amma nau'in Barazil, wanda ke cikin jerin mafi tsanani tun 1992, har yanzu sai da takardu yake tsallake iyaka.

Da na koma ɓangaren sayarwa sai na ga abin ta ɗaya fuskar. Reverb na karɓar kashi 5 cikin 100 a matsayin la'ada tun 2020, ban da kuɗin sarrafa biya, kuma da farko na ji nauyinsa. Amma tallar amfilifayar da na sa a wani zaure ta jawo mini wani da ko tayawa bai yi ba, ya ce ya biya, ya aiko da hoton rasit mai ɗauke da kuɗin da ya zarce farashi, ya roƙi in mayar masa da rarar in kuma miƙa kayan ga direban da zai turo. Ko sisi bai shiga asusuna ba. Da na ce sai na ga kuɗi a ƙasa, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Bayan wannan la'adar ta daina yi mini tsada. A tallar da ta yi nasara na sa hotuna goma sha biyu da hasken rana, na fara da nuna yagewar fatar da ke kusurwa da maɓallin da aka taɓa sauyawa, na rubuta lambar siriyal, na ɗora bidiyon sautinta. Cikin mako guda ta tafi, kuma wanda ya saya bai sami abin ƙorafi ba domin babu abin da ya gani wanda ban riga na nuna masa ba.

Ɗaurin kaya ya ci mini yamma guda. Amfilifaya mai fitilun gilashi sai an zare fitilun an naɗe kowacce daban, a sa ta cikin kwali, a sa kwalin cikin wani da soso a kowane gefe, a girgiza a tabbatar ba abin da ke motsi. Jita kuma a sassauta tsirkiyarta a tallafe wuyanta. Na ɗauki bidiyon ɗaurin tun daga gwajin ƙarshe har zuwa liƙe kwali, na biya inshora da lambar bin sawun kaya, domin idan rigima ta taso mai sayarwa ma hujja yake buƙata.

A hukuncina, Reverb ta fi dacewa da kaya masu tsada da waɗanda ake yawan yi wa jabu, eBay ta fi yawan zaɓi a ƙananan sassa da tsofaffin tarkace, zaurukan sada zumunta kuwa sai ga abin da zan iya zuwa in gwada da kunnena kafin in biya, kamar manyan sifiku, waɗanda nauyinsu ke sa kuɗin aike ya cinye ribar arha. Wayoyin jonawa da tsirkiya sababbi nake saye. Makirufo mai laushi na situdiyo ma ina ɗari-ɗari da na hannu, domin danshi da hayaƙi na lalata fatar cikinsa ba tare da alama a waje ba. Yanzu haka wata mikisa, na'urar haɗa sautuka, mai layi takwas nake zawarci, mai ita ya sauko da farashi sau biyu, amma bidiyon da na nema na kowane layi yana aiki bai zo ba tukuna, kuma kuɗina na aljihuna har ya zo.