WhatsApp, Facebook, Drive ko wiki: ina ƙungiya za ta adana ilimin gyaran gida?

Tun bayan ambaliyar 2022 da ta kwantar da ɗakunan ƙasa a Ringim da Auyo da Kafin Hausa, nake ganin matasa masu aikin sa kai suna bin magina da kafintoci suna tattara bayani: yadda ake ɗaga harsashi, haɗin makuba, lokacin sauya azara. Tarawar ba ta da wuya. Wuyar ita ce ranar da ɗaki ya fara yoyo cikin Agusta, maigida ya ciro waya, sabis sanda ɗaya, ya rasa inda bayanin ya shige. Don haka kafin ƙungiyarku ta zaɓi ma'ajiya, ku yi mata tambaya biyu. Mutum zai samu abin da yake nema cikin latsawa uku? Kuma makullin yana hannun wa?

WhatsApp kowa na da shi, dattijon da ba ya rubutu ma zai aiko da murya. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bayanin jiya yana ƙarƙashin sanarwar ɗaurin aure da barka da Juma'a, kuma da zarar waya ta cika aka share hotuna, shi ke nan. Ku bar shi wurin karɓar tambaya da raba adireshin shafi. Facebook ya fi shi riƙe tsohon rubutu, sai dai shi yake zaɓar abin da zai nuna maka, ga bidiyo na cinye data. Telegram yana da kyau, mutanenmu ne ba sa ciki. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, amma jaka ce cikin jaka, kuma duk abin yana rataye da imel ɗin mutum ɗaya. Fandom wiki ne na kyauta, wato shafin da jama'a ke rubutawa su gyara tare, talla ta yi masa katutu, ban ga mai ƙaramar waya yana jure masa ba.

Ni dai MediaWiki nake ba da shawara, wato manhajar da Wikipedia take gudana a kai, har da Wikipedia ta Hausa. Ba sai kun sayi saba ba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi a intanet. Miraheze, wadda masu sa kai suka kafa a 2015, tana ba da masauki kyauta ba tare da talla ba, da gudummawar jama'a take tafiya. Za ku cike buƙata da Turanci, ku faɗi abin da wikin zai ƙunsa, su duba su amince.

Abin da ya sa na fi son MediaWiki shi ne shafi ɗaya yana iya zama cikin rukuni da yawa. Ɗauki shafin gara. Mai neman ta hanyar katako zai same shi, mai bi ta bango zai same shi, haka mai duba aikin rani. A Drive dole ka zaɓi jaka ɗaya ko ka kwafa sau uku, in an gyara ɗaya biyun su tsufa. Kuma ina roƙonku, kada ku tsara shafin farko da sunan sana'a, a ce ga sashen birkila, ga na kafinta, ga na mai walda. Uwargidan da ta ga jirwaye a silin ba ta san ko aikin wa ne ba. Ku jera da abin da ido ke gani: ɗaki na yoyo, bango ya tsage, gindin katanga na zubewa, ƙofa ta ƙi rufuwa, batirin sola ba ya kai dare. Guda bakwai ko takwas sun isa, da manyan haruffa. Ƙasa da su a sa layin lokaci: abin yi kafin saukar damina, kamar yaɓe da share indararo, da abin da ake bari sai kaka ta wuce ƙasa ta bushe, kamar buga tubali.

Sai tura mai nema daga wani suna zuwa shafin da ya dace. Wani zai rubuta kwano, wani langa-langa, wani kuma allon wayarsa ba ya da ƙ, sai ya rubuta kofa maimakon ƙofa. A MediaWiki layi ɗaya ne zai sa kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa shafin da ya dace. Tana kuma nuna muku da kanta shafukan da babu hanyar zuwa gare su da waɗanda ba a sa wa rukuni ba, abin da mutum biyu za su share bayan La'asar ranar Juma'a. Kowane gyara yana da tarihi, da sunan wanda ya yi da lokacin. In wani ya ɓata, a mayar. Aibunta shi ne rubutu a waya yana buƙatar sabo, kuma muryar Baba magini sai yaro ya zauna ya mayar da ita rubutu ya koma ya karanta masa ya tabbatar. DokuWiki ta fi ta sauƙin nauyi tunda ba ta buƙatar rumbun bayanai, amma sai kun nemi masauki na kuɗi da mai kula.

A nan ne ake cin mutane. Ƙungiyarmu ta taɓa haɗa kuɗi ta ba wani matashi ya buɗe mana shafi. Ya yi aiki mai kyau kuwa, da hoton zaurenmu a sama. Shekara na zagayowa ya ce kuɗin sabuntawa ya ninka. Da muka bincika, sunan shafin da imel da lambar wayar duk nasa ne. Bayanin haɗin laso da wani tsoho ya ba mu, wanda yanzu ya riga mu gidan gaskiya, yana ciki, kuma har yau ba mu sake ganin sa ba. Saboda haka duk wanda ya zo muku da zancen zai buɗe muku shafi, ku ce ya yi rajistar a gabanku, da imel ɗin ƙungiya, da layin da ke hannun sakatare. In sunan .ng ne, NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ce ke kula da shi, kuma tana da jerin dillalan da ta amince da su, ku duba ko nasa yana ciki. Wanda ya ce a biya sau ɗaya har abada, ƙarya yake, sunan shafi haya ce ta shekara-shekara. Masu cikakken iko su zama uku, kada su fito gida ɗaya. Duk wata a sauke kwafin wikin a ajiye a memori biyu, ko da a Miraheze kuke, don su ma masu sa kai ne.

Akwai kuma mai kira ya ce daga ƙungiya yake, an turo maka lamba shida ka karanto masa. Kana karantowa ya kwace WhatsApp ɗinka ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Ku kunna tabbatarwa mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri a WhatsApp, musamman ma shugabanni.

Macuci na ƙarshe ya fi wayo. Zai yi rajista a wikin, ya gyara kurakuran rubutu na ɗan lokaci har a saba da shi, sannan a wayi gari shafin gara yana cewa babu magani sai wani da ake sayarwa a jarka marar tambari, ga lambar waya a ƙasa. Haka ake cusa siminti da aka farke buhu aka rage, da batirin sola tsoho da aka yi wa fenti. Buhun siminti kilo 50 ne, ku rubuta haka a shafinsa ku ce a aza a sikeli in ana shakka. Ku kafa doka tun ranar farko cewa ba lambar ɗan kasuwa a cikin shafi, sannan ku kulle shafukan magani da wayarin lantarki yadda sai masu kula ne za su iya taɓa su.