Kafin Ka Sayi Kayan Haɗa Katin Gaisuwa da Hannu

Tambayar farko da mai son haɗa katin gaisuwar biki zai yi wa kansa ita ce: kati nawa zan yi? Biyar ne na 'yan uwa na jiki, ko hamsin ne har da abokai da abokan aiki? Amsar ita za ta nuna maka abin da za ka saya, domin dabarar da ke fitar da kati guda mai ban sha'awa cikin awa ɗaya, ita ce za ta gundure ka tun ba ka kai na ashirin ba. Matsalar ma daɗaɗɗiya ce. A shekarar 1843 Henry Cole, wani ma'aikacin gwamnati a Landan, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti. Aka buga kwafi 1,000, sannan aka bi su da launi da hannu. Wannan tsari har yau shi na fi yarda da shi ga mai kati da yawa: abin da ake maimaitawa a buga shi, hannu kuma ya yi abin da ya rage.

Ko wace dabara ka zaɓa, kuɗinka na farko ya tafi kan takarda. A jikin fakiti za ka ga lamba tare da haruffan gsm, wato nauyin takardar a giram kan kowace murabba'in mita. Takardar firinta ta ofis 80 ce, in ka ninke ta ka tsayar a kan tebur sai ta langwaɓe. Gangar jikin kati tana son 250 zuwa 300. Mai 160 zuwa 200 kuwa a ajiye ta don yanka furanni, taurari da sauran abin da za a manna a sama. A nan ne maganar nan ta arha ba ta ado take da gaskiya, don kati mai sauƙin zane a kan takarda mai kauri ya fi wanda aka sha wahalar ƙawatawa a kan takarda mai laƙo-laƙo kyan gani. In mai launi za ka saya, duba gefenta. Wata launin a sama kawai yake, cikinta fari ne, duk inda ka yanka farin zai bayyana. Wata kuma rinin ya ratsa ta gaba ɗaya, ita ce ta dace da aikin yanka. Idan kana fata a adana katin shekaru, nemi wadda aka rubuta cewa babu asid a cikinta, ba ta saurin komawa rawaya.

Sayi ambulan kafin ka yanka komai. Takardar A4 in aka raba ta biyu, aka ninke kowane rabi, za ta ba da kati biyu masu girman A6, wato milimita 105 da 148. Ambulan mai lamba C6, wanda yake milimita 114 da 162, don wannan girman aka yi shi. Wanda ya tsaya kan wannan ma'auni ba ya asarar takarda, ba ya kuma yawon neman ambulan da zai ɗauki katin da ya riga ya gama.

Ninki ma yana da ƙa'ida. Takarda mai kauri in aka lanƙwasa ta kai tsaye sai bayanta ya tsage. Ana fara jan layi ne a wurin ninkin da wani abu marar kaifi, sannan a ninke. Akwai 'yar sandar ƙashi ko roba da ake sayarwa don haka, amma biro da tawadarsa ta ƙare tare da rula za su yi aikin.

Ga mai kati talatin zuwa sama, hatimi da tawada su ne hanya mafi sauri. Hatimin iri biyu ne. Akwai na jan roba da aka manna a kan katako, yana fitar da siraran layuka tsaf, yana kuma daɗewa, sai dai ba ka ganin daidai inda zai sauka. Akwai kuma wanda ake gani ta cikinsa, ana ɗora shi a kan wani ɗan allo mai kama da gilashi, a cire a sa wani. Ga sabon shiga na biyun nake ba da shawara, musamman don kalmomin gaisuwa, domin rubutu in ya karkace ido ba ya yafe masa.

Tawadar ita ce inda mutane suka fi kuskuren saye. Akwai ta rini, mai shiga cikin takarda ta bushe nan take. Tana da daɗin aiki, amma yawancinta tana narkewa in ruwa ya taɓa ta, hasken rana kuma yana koɗar da ita a hankali. Akwai mai garin launi, wadda ke zama a saman takarda, launinta ya fi cika, tana fitowa har a kan takarda mai duhu, sai dai tana jinkirin bushewa. Wannan jinkirin yana da amfaninsa. Tun tawadar tana ɗanye ake barbaɗa mata wani gari na musamman, a kaɗe ragowar, a hura masa zafi da ƙaramar na'urar zafi, sai ya narke ya taso yana sheƙi kamar zinare ko azurfa. Cikin duk dabarun nan babu wadda ke sa kati ya yi kama da na biki da ƙaramin aiki kamar wannan. Amma na'urar busar da gashi ba za ta maye gurbin na'urar ba: iskarta ta yi yawa, za ta watsar da garin, zafinta kuma bai kai ba. Idan kuma za ka bi zanen hatimi da fentin ruwa, tabbatar an rubuta a jikin tawadar cewa ruwa ba ya narkar da ita.

Illar hatimin saye ita ce zanen ba naka ba ne, duk wanda ya sayi irinsa zai fitar da abin da ka fitar. Wanda wannan ya dame shi sai ya koma sassaƙa nasa. Ana sayar da lino, wato wani abu mai ɗan tauri irin ledar shimfiɗar ɗaki, da kuma wata roba mai laushi da ake sassaƙawa da 'yan wuƙaƙe masu baki kamar kwatami, a shafa tawada da ɗan abin murzawa, a danna takarda a kai. Robar ta fi lino sauƙin yanka ga mai koyo, lino kuma ya fi riƙe ƙananan layuka. Abu biyu a kiyaye: zanen a juye yake fitowa, saboda haka rubutu dole a sassaƙa shi a juye, sannan bakin wuƙa kullum ya fuskanci gaba, nesa da hannun da ke riƙe da robar. Wahalar duka a daren farko take. Da zarar sassaƙar ta kammala, kati hamsin za su fito daga gare ta, kowanne da ɗan bambancinsa. Wannan ita ce dabarar da na fi ƙauna, kayanta kuma ba su da yawa.

Fentin ruwa na mai kati kaɗan ne, wanda yake son kowane mutum ya samu nasa daban. Ba ya yiwuwa a kan kwalin kati na yau da kullum, takardar za ta kumbura ta yi tudu da kwari. Sai takardar fentin ruwa mai 300 gsm. Mai ɗan kaushi ta fi riƙe ruwa, mai santsi ta fi dacewa in za ka ƙara rubutu da alƙalami ko hatimi. Wadda aka yi da auduga zalla ta fi tsada, ta kuma fi haƙuri da gyara. Ka yi fentin a kan ɗan yanki daban, in ya bushe ka manna shi a fuskar katin, ta haka in ɗaya ya lalace yanki kawai ka rasa. Akwatin fenti mai launi 12 da buroshi zagayayye mai lamba 6 ko 8 sun isa.

Sai maganar yanka da mannawa, inda kuɗi ya fi zurarewa. Wuƙar yanka takarda mai canjin baki, rular ƙarfe da tabarmar yanka su ne tushe, kuma da su kaɗai ana yin aiki mai kyau. Daga nan akwai na'urar hannu irin ta Sizzix, wadda ake juya mariƙinta ta matse takarda a kan wani ƙarfe mai siffa ta yanke. Ba ta buƙatar lantarki, amma kowace sabuwar siffa sabon ƙarfe ce, don haka sayen na'urar mafarin kashe kuɗi ne kawai. Na'urori masu lantarki irin su Cricut da Silhouette suna yanka duk abin da ka tsara a manhajarsu, sai dai akwai koyon manhajar, ga bakin wuƙa da tabarmar yanka da ke ƙarewa a sake su. Ba na ganin dalilin sayen ko ɗaya don biki guda. Wanda ya yi shekara yana haɗa kati, ya ga hannunsa na gajiya da yanka siffa iri ɗaya, ko yana shirin sayar da katunan, shi ya kai matsayin saye.

Naɗa siraran takardu a yi furanni da su, da katin da ke tasowa in an buɗe shi, duka biyun suna burge mai karɓa, kayansu ma ba tsada. Lokaci suke ci, kuma na naɗin yana da kauri. Idan ta gidan waya za a aika, wannan abin lura ne: a Ingila, alal misali, wasiƙar da kaurinta ya wuce milimita 5 tana shiga wani aji mai ƙarin kuɗi, injinan tantance wasiƙu kuma suna iya murƙushe adon da ya taso. Irin waɗannan sun fi dacewa da wanda za ka miƙa wa hannu da hannu.

Kada a raina gam. Farin gam na ruwa yana riƙewa sosai, amma in ya yi yawa takarda tana yamutsewa, shi ya sa mai siririn baki ya fi. Gam na sanda ya yi wa yara daidai, sai dai ba ya riƙe kwali mai kauri na dogon lokaci. Don manna babban yanki a fuskar kati, salatif mai manne gaba da baya ya fi tsafta, mai soso a tsakiya kuma yana ɗan ɗaga yankin ya ba shi inuwa. Garin ƙyalƙyali kuwa ina ganin a haƙura da shi. Yana zubewa a jikin mai buɗe ambulan, yawancinsa ɓarɓashin roba ne, Tarayyar Turai ma ta hana sayar da na robar don aikin hannu tun watan Oktoban 2023. Alƙalami mai tawadar zinare ko azurfa zai ba ka sheƙin da kake nema.

Kafin ka sayi kaya da yawa, haɗa kati guda daga farko har ƙarshe, ka bar shi ya kwana, ka sa shi a ambulan ka ga ko yana shiga ba tare da tilas ba, ka kuma duba agogo ka ga minti nawa ya ci. Lissafa wannan da adadin da kake so. In lissafin ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage kafin biki, rage ado ko ka koma hatimi. Takardar kuma ka saye ta gaba ɗaya a lokaci guda, da 'yar rara don waɗanda za su lalace, domin launi ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan fakiti zuwa wancan.