Gwajin GC-MS da na kai wa man habbatus sauda

Ga 'yan uwa ɗalibai masu shirin kai samfurin tsiro gwajin GC-MS, ga abin da na gani. GC-MS na'ura ce da ke rarraba sinadaran da ke cikin samfuri ta gano kowanne ta nauyin gutsattsarinsa. Man habbatus sauda na kai wani ɗakin gwaji mai karɓar aikin kuɗi, ina son in tabbatar ko akwai taimokwinon a ciki, sinadarin da ake danganta yawancin amfanin man da shi.

Na'urar kam sai yabo. Ɗan ɗigo aka tsarma aka tsira mata da sirinji, iskar hiliyam ta ja tururinsa ta cikin siririn bututu mai tsawon mita 30, sinadaran suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya fito sai ilektron ya buge shi ya farfashe, na'ura ta auna nauyin gutsattsarin. Taimokwinon ya fito ɓaro-ɓaro da nauyinsa na 164, ba sai an yi gardama ba.

Takardar sakamakon ce ta ɓata min rai. Jerin sunaye ne kawai da kwamfuta ta zaɓo daga rumbun NIST, wato taskar bayanan sinadarai da ake kwatanta sakamako da ita, ba a nuna kashi nawa kowane suna ya dace ba. Ita kuwa kwamfuta ba ta cewa ban sani ba, ko yaya sai ta miƙo maka sunan da ya fi kusa. A jerin har da sinadaran siloksen masu gutsattsari mai nauyin 207 da 281, waɗanda daga shafen cikin bututun suke zubowa in ya ɗau zafi, da fatalet da ke fita daga roba. Babu ruwan habbatus sauda da su. Abin yana damuna ƙwarai, don na sha ganin irin sunayen nan a kundin digiri an jera su a matsayin maganin da ke cikin ganye.

Da na koma, ma'aikacin bai ɓoye min komai ba. Ya buɗe zanen kowane sinadari a allo, ya kuma gwada ruwan tsarmin shi kaɗai, nan take baƙin sinadaran nan, siloksen da fatalet, suka bayyana.

Zan sake kai musu aiki, amma a kwalba, ba a robar ruwa ba, kuma zan nemi cikakken fayil tun ranar biya. Wanda sinadaransa ba sa tashi tururi, kamar furotin, kada ya ɓata kuɗinsa a nan, LC-MS zai nema, wato na'urar da ke jan samfuri da ruwa maimakon iska.