Daga Leipzig: yadda ake ɗaukar nauyin waƙar coci a Jamus

'Yan uwa na gida, musamman shugabannin mawaƙa a coci-cocin Jos, Kaduna da Gombe, ina gaisuwa. Masu tambayar me ya sa waƙar cocin Jamus ke fita tsaf, magana ce ta kuɗi da tsari. A wajenmu shugaban mawaƙa yawanci sa kai yake yi, sai ya tashi daga aiki a yi gwaji. A nan sana'a ce mai albashi, ana kiran mai ita Kantor. Takardar shaidarta hawa-hawa ce: A da B karatun jami'a ne na cikakken ma'aikaci, C da D kuwa na masu yi a gefe.

A da, malamin makaranta ne ke riƙe wannan kujera. Shahararren mai tsara waƙa Johann Sebastian Bach ya zauna a kanta a Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750. Yana koyarwa a makarantar Thomas, yana kuma kula da waƙa a coci huɗu da yaran kwana kusan 55. Har darasin Latin an ɗora masa, sai ya riƙa biyan wani tala 50 (kuɗin azurfa na wancan zamani) a shekara ya tsaya masa. A shekarunsa na farko kusan kowace Lahadi sai ya fito da sabuwar kantata, wato waƙar ibada ta kimanin minti ashirin da muryoyi da kayan kiɗa: a rubuta, a kwafe wa kowa nasa da hannu, a gwada, duk cikin mako guda. Wajen 200 ne suka tsira zuwa yau, ga kuma manyan waƙoƙin shan wahalar Almasihu bisa Bisharar Yohanna (1724) da ta Matiyu.

Amma kada ku ɗauka daɗi yake ji. Tsayayyen albashinsa bai wuce tala 100 da wani abu ba. Abin da ke cika masa kusan 700 daga waƙar jana'iza da ta aure yake fitowa, kamar malamin unguwa mai dogaro da sadakar suna da ɗaurin aure. A wasiƙarsa ta 1730 ya koka cewa shekarar da aka samu lafiya mace-mace suka ragu, ya yi asarar sama da tala 100, ga tsadar Leipzig. A 1730 ɗin dai ya rubuta wa majalisar gari cewa yara 17 ne kawai suka iya waƙa, 20 ba su nuna ba tukuna, 17 kuwa ba su da amfani.

Ƙungiyar yaran, wadda ta faro tun 1212, tana nan. Lokacin karatu akan yi waƙa a cocin Thomas Juma'a ƙarfe shida na yamma da Asabar ƙarfe uku, kuɗin shiga 'yan Yuro kaɗan, kabarin Bach kuma na ciki. A je da wuri.

Mai shirin zuwa ya san wannan: ranar rajistar adireshi za a tambaye ka addini. In ka rubuta Katolika ko cocin Furotesta na ƙasa, za a riƙa cire maka harajin coci, kashi 9 cikin ɗari na harajin albashinka (8 a Bavariya da Baden-Württemberg). Ba a cire wa Musulmi. Da irin kuɗin nan ake biyan Kantor a yawancin coci-coci.

Sai batun ogan mai bututu, wato babban kayan kiɗan coci mai fitar da sauti ta hura iska cikin bututu. Ana rufe wasu coci-coci a nan, ana sayar da tsofaffin ogan da araha, kuma na san masu kwaɗayin kai su gida. Ban ba da shawara ba. Cikinsa katako ne da fata: bushewar hunturu za ta tsattsaga akwatin iska ta yi ta zurara, damina ta kawo funfuna, ƙura ta toshe ƙananan bututu, zafi kuma ya karkatar da sauti. Ko a nan sai maƙeri ya riƙa zuwa yana daidaita shi, bayan shekara ashirin ko makamancin haka a kwance shi a share. In babu mai wannan aikin kusa da ku, ku sayi kibod mai kyau da batirin sola, ragowar kuɗin a biya mai koyar da karatun nota.