Saurayin da ya daidaita mana wifi a Bukoki: aikinsa ya ci kuɗinsa

Masu haɗa wifi sun yi yawa a Yamai yanzu. Duk wanda ya iya buɗe bayan waya sai ya rataya allo a ƙofar butik. Mafi yawansu kuwa aikinsu ɗaya ne: su sa pus a cikin akwatin wifi, su ga fitila ta kama, su rubuta maka kod a guntuwar takarda, su karɓi kuɗi su wuce. Wani saurayi mai ƴar butik a wajejen kasuwar Katako ya fita daban, shi ne dalilin wannan rubutu. Ba zan ambaci sunansa ba, don bai sa ni talla ba.

Ni atamfa da leshi nake sayarwa, rabin cinikina ta WhatsApp yake. Akwatinmu TP-Link ne, samfurin TL-MR6400 mai cin pus. Damuwata biyu ce: forfen wata ba ya kai wata, kuma in na tura hoton kaya sai ya yi ta juyi har mai saye ta gaji.

Yana zama ya ce, "Tanti, ina kod ɗin shiga cikin akwatin?" Ashe kod biyu ne. Akwai na wifi da ake ba yara da baƙi, akwai kuma na mai gida, wanda ake shiga da shi a canza komai. Wanda ya fara haɗa mana ya sa na biyun ya tafi da shi a kansa, ko faɗa bai yi ba, don dole a sake kiransa. Saurayin ya danna ɗan maɓallin da ke baya ya riƙe har fitilu suka yi walƙiya, akwatin ya koma yadda ya fito daga kwali. Sannan ya miƙo mini wayata ya ce in rubuta 192.168.1.1 da hannuna a inda ake rubuta adireshin intanet. Da shafin ya nemi sabon kod, sai ya kau da kai har na gama rubutawa. A nan ya saye ni. Mutum ya gina maka ɗaki ya riƙe makulli, ai ɗakin ba naka ba ne.

Daga nan muka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana bayani da Hausa, ba ya ta jefo mini faransanci don in ji tsoro. Ya duba APN, wato sunan ƙofar da pus ke bi ya shiga intanet, ya ce kowane kamfani da nasa, ko Airtel ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Télécom. Yawanci akwatin kan gane da kansa, in bai gane ba ne ake rubutawa. Ya tsayar da rezo a kan 4G kaɗai, don kada ya riƙa zamewa zuwa 3G. Ya ja kunnena cewa wannan sai inda 4G ke da ƙarfi, in ba haka ba koneksiyon ɗin ne zai yanke gaba ɗaya.

Maganar forfe kuwa, kafin ya goge komai sai da muka ƙirga masu amfani da wifin. Fitilar akwatin ba ta hutawa ko da kowa na gidan ya ajiye waya. Na rantse ba wanda na ba kod, ɗiyata ma ta rantse. Ya yi dariya ya nuna mini yadda wayoyin Android, tun daga na 10, ke fito da hoton QR na wifi, ɗan zanen da ke ɗauke da kod ɗin, wanda wata waya ke karantawa da kamera: yaro ya nuna wa abokinsa allo kawai, an gama, ba tare da ya furta harafi ko ɗaya ba. Maganin da ya yi mai sauƙi ne. Ya sa tsaro na WPA2 da kod mai tsawo, ba lambar waya ko shekarar haihuwa ba. Ya kashe WPS, wato hanyar shiga wifi ba tare da an rubuta kod ɗinsa ba. Ya buɗe wifi na baƙi daban, wanda zan iya rufewa in gari ya waye ba tare da na taɓa namu ba. Ya kuma sa iyakar megan wata a cikin akwatin, yanzu ina ganin abin da aka ci. Na ce ya toshe wayoyin maƙwabta ɗaya-ɗaya ta lambar MAC, wato lambar da akwatin ke gane kowace waya da ita, ya ce ana iyawa, amma wayoyin yanzu suna iya sauya lambar, wahalar banza ce. Da wani ne, da ya yi mini ya ƙara kuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba a cikin shafi yake ba. Akwatin yana bayan tele, ƙasa-ƙasa, lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura. Ya yaye ƙyallen ya ce in taɓa: zafi rau. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke wuce digiri 40, wannan kaɗai ya isa ya sa na'ura ta riƙa sanƙarewa. Ya kewaya falo da shi yana kallon sandunan rezo, har ya samu wuri a sama kusa da taga, inda rana ba ta bugu. Ya maida tashar wifin kan 11, don na maƙwabta sun taru a wata. A zangon 2.4 GHz, wanda shi kaɗai wannan samfurin ke da shi, 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna.

Yana da nasa aibin. Ya ce bayan azahar, sai da aka yi la'asar ya iso, waya kuma ba ya ɗauka. Jika biyu ya karɓa na aiki, ban yi ciniki ba. Amma ɗan batirin da ya kawo don akwatin ya ci gaba da aiki in an ɗauke kuran, ya tsawwala kuɗinsa. Ƙanena ya ga irinsa a Babbar Kasuwa da sauƙi. In za ku saya da kanku, ku karanta volt ɗin da ke jikin cajar akwatinku, wasu 9 ne wasu 12.

Hotuna yanzu suna tafiya da rana ba gardama. Bayan isha'i ne har yau yake ja da ƙafa. Na sake kiransa, ya ce, "Tanti, wannan ba daga gidanki ba ne. Duk unguwa ce ta hau eriya ɗaya, ba abin da zan danna ya gyaru." Ya kawo zancen Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam da ya fara aiki a Nijar a 2025, na ce ya bari tukuna sai an ga cinikin sallah.